Wa Ke Duba Allon Mai Ba Da Shawara? Bayani Kan Horar Da Jagororin Bita A Malanville

 

Duk wanda ya taɓa zama a zauren limami a Malanville bayan sallar La'asar ya san cewa ba tambayar alwala da rabon gado kaɗai ke kawo mutane ba. Mutum zai shigo da mas'alar rantsuwa ko ta saki, sai magana ta yi nisa a gane cewa wata uku ke nan bai yi barcin kirki ba, bashi ya yi masa katutu, ba ya iya haɗa ido da iyalinsa. Haka abin yake a ɗakin ungozoma, da teburin ma'aikacin jin daɗin jama'a, da wajen malamar Islamiyyar matan aure, da malamin makarantar boko da ɗalibi ya tsaya bayan an tashi yana kame-kame. Waɗannan bayin Allah duka aikin ba da shawara suke yi, ko an rubuta hakan a takardar aikinsu ko ba a rubuta ba. Tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce: wa ke duba wannan aiki nasu, kuma wa ya koya wa mai dubawar yadda ake dubawa?

Dalilin da ya sa tambayar ta matsa a wannan gari ba ɓoyayye ba ne. Rayuwar Malanville a rataye take da gada da kasuwa. Ƙidayar 2013 ta nuna gundumar tana da mutum sama da dubu 160, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da sauransu, kuma kasuwarta ana lissafa ta a matsayin ta biyu a ƙasar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, kayan da ba sa jure ajiya suka lalace, 'yan dako da masu sayar da abinci da 'yan kabu-kabu da masu bin takardun duwan suka wayi gari ba abin yi. ECOWAS ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da toshe nata ɓangaren gadar, jama'ar Gaya da ta Malanville, waɗanda gida ɗaya ne ta fuskar aure da zumunci, suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. A kan wannan kuma ga hare-haren 'yan bindiga a jihar Alibori da kewayen gandun dajin W, inda aka kashe sojoji 28 a Janairun 2025, sannan 54 a Afrilun wannan shekarar bisa lissafin gwamnati, ga mutanen ƙauyuka da suka baro gonakinsu, ga ambaliya da ke yawan cin gonakin bakin kogi a Malanville da Karimama. Ba siyasa ce ta sa muka jero waɗannan ba. Kowane ɗaya daga cikinsu a ƙarshe yana zama mutum guda, zaune a gaban wani, yana cewa zuciyarsa ta yi ƙunci.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2020, ta nuna cewa a yankin Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai biyu ba ga kowane mutum dubu ɗari, alhali matsakaicin duniya 13 ne. Asibitin Jacquot, babban asibitin masu taɓin hankali na ƙasa, yana Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700. Asibitin koyarwa na Paraku yana da tazarar sama da kilomita 300. Saboda haka nauyin yana kan waɗanda muka ambata da farko, kuma a kansu zai ci gaba da zama.

To, mene ne wannan duba aiki da muke magana a kai? Kada a ɗauke shi da ma'anar sufeto da ke zuwa da rajista ya ga wa ya makara, ya rubuta rahoto ya tafi. Mafi kusa da shi a cikin abin da muka gada shi ne darasu na tsangaya. Gardi ya rubuta allonsa da ka, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba ya wankewa sai ya kai gaban alaramma an karanta an gyara masa wasali da ɗigo. Ba don gardin jahili ne ba. Don ido ba ya ganin kansa ne. Haka mai ba da shawara yake kai aikinsa, a lokaci sananne, gaban wanda ya fi shi gogewa, ya ce: ga wanda ya zo mini, ga abin da ya faɗa, ga abin da na faɗa, ga inda na rikice. Wannan zama za mu kira shi zaman bita, shi kuma wanda ke riƙe da shi mu kira shi jagoran bita.

Wasu za su ce ai wannan tsarin Turawa ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ibnun Nadim ya bayyana a cikin Alfihrist yadda likita Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, yake zama ɗalibai sun kewaye shi sahu-sahu. Maras lafiya yana fara bayani ne ga sahun waje. In sun san amsa su ba shi, in ba su sani ba su miƙa shi ga na gaba da su, sai abin ya gagari kowa sannan Arrazi ya yi magana. A shekarar 319 ta Hijira, daidai da 931, wani mutum ya mutu a Bagadaza sakamakon kuskuren likita, sai Halifa Almuƙtadir ya hana kowa yin aikin likitanci sai wanda Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi izini, kuma malaman tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 860. Mu kuma mabiya mazhabar Malikiyya mun san cewa Imamu Malik, Allah Ya jiƙansa, bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida ya cancanta. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da wasu suka ruwaito wanda ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba. In haka ne hukuncin mai taɓa jiki, yaya mai taɓa zuciya da hankali da auren mutane?

Abin da mutanen wannan zamani suka ƙara shi ne tsarawa da rubutawa. Tun a shekarun 1920 wata cibiyar koyar da masu jinyar zuciya a Berlin ta Jamus ta wajabta wa ɗalibi ya yi aikinsa na farko a ƙarƙashin idon wani babba. A 1976 Alfred Kadushin a Amurka ya rubuta littafi kan duba aikin ma'aikatan jin daɗin jama'a, inda ya nuna cewa jagora yana ɗauke da aiki uku a zama guda: yana tsare ƙa'idar aiki don kada a cutar da wanda ya zo neman taimako, yana koyarwa, yana kuma tallafar ma'aikacin kansa don kada ya durƙushe. A Ingila, babbar ƙungiyar masu ba da shawara ta BACP ta sanya wa mambobinta da ta tantance sharaɗin zaman bita na aƙalla awa ɗaya da rabi a kowane wata, komai shekarun da mutum ya yi yana aiki. A lura da wannan: ba ɗalibai kaɗai ba, har wanda ya yi furfura a aikin.

Hujjar da ta fi kusa da halinmu ta zo ne daga Zimbabuwe. Likita Dixon Chibanda ya fara a 2006 da horar da dattawan mata masu aikin lafiya a unguwanni, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, zama shida kowane mutum. Da aka gwada tsarin a kan mutum 573 aka buga sakamako a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne. Mutane suna son ba da wannan labari su tsaya a kan tsofaffin, kuma sun cancanci yabo. Amma abin da ake yawan mantawa shi ne, ba a sake su haka nan ba. Akwai manya da aka horar suna bibiyar aikinsu, akwai waya a hannunsu, akwai ƙwararre da za a kira in abu ya fi ƙarfinsu. Haka ma tsarin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, mai zama biyar na minti 90 kowanne, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya: an gina shi ne a kan cewa wanda ba likita ba zai iya yi, da sharaɗin ana zaman bita da shi a kai a kai. In aka cire wannan sharaɗi, abin da ya rage shi ne taron horo na kwana biyar a otal, da takardar shaida, da kuɗin zama, sannan kowa ya koma yana yin abin da ya saba. Mun halarci irin waɗannan tarurruka ba sau ɗaya ba, mun kuma ga yadda abin da aka koya yake bushewa kafin damina ta zagayo.

Yanzu mu zo kan asalin maganar. Me ya sa sai an horar da jagora? Ba sai kawai a ɗauki wanda ya fi kowa daɗewa, ko wanda ya fi kowa karatu, a ce shi ne ba?

Amsa ita ce iya aiki daban, iya duba aikin wani daban. Mun san mahaddata da ba a kama su da kuskure ko ɗaya, amma in yaro ya zauna gabansu tsoro ya hana shi buɗe baki. A al'adarmu kuma akwai abin da ke ƙara wa lamarin wuya, wato kunya da girmama na gaba. Ƙaramin ma'aikaci ba zai zo gaban babba ya ce "na yi kuskure" ba, sai dai ya kawo labarin da ya yi nasara a ciki. Babban shi ma, in ba a koya masa ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya ce "madalla, Allah Ya yi albarka" ya sallame shi, ko ya rufe shi da faɗa a gaban mutane. Duka biyun sakamakonsu ɗaya ne, kuskure ya koma ɓoye. Shi ya sa darasin farko a horar da jagora shi ne ya koyi yin tambaya maimakon yanke hukunci, ya kuma koyi yin shiru har amsa ta fito.

Bari mu buga misali, ba da wani mutum takamaimai ba. Wani matashin na'ibin limami, ɗan kasuwa ya zo masa bayan jarinsa ya karye, a cikin magana ya ce da ma ya kwanta kada ya tashi. Na'ibi ya yi masa nasiha da haƙuri, ya ba shi addu'o'i, suka rabu. Ranar bita sai ya kawo maganar.

Jagora ya ce: "Ɗana, da ya faɗi wannan kalma, me ka ji a ranka?"

Ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, gabana ne ya faɗi. Shi ya sa na yi sauri na kawo masa maganar haƙuri."

"To ka tambaye shi ko ya taɓa tunanin ya yi wa kansa lahani?"

"A'a, Malam. Na ji tsoron kada in zama ni na sa masa abin a rai."

A nan ne horo yake nuna amfaninsa. Jagoran da aka horar ya san cewa bincike ya tabbatar yin wannan tambaya a fili, cikin natsuwa, ba ya dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake kawo wa wanda yake ɗauke da shi shi kaɗai. Ya san cewa sai a tambaya ko ya tsara yadda zai yi, ko akwai maganin feshi a gidan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, mu kuma a yankin auduga da shinkafa da albasa muke, kwalaben nan suna ɗakunan mutane. Ya san cewa sai a nemi wani amintacce a gidan ya kulle su, kada a bar mutumin shi kaɗai, a kuma haɗa shi da asibiti a ranar. Sannan ba zai tsaya ga faɗa ba. Zai ce: "Zauna nan, ni ne ɗan kasuwar, tambaye ni." Su maimaita sau biyu, sau uku, har harshen na'ibi ya saba da kalmomin. Daga nan ya ce masa ya tashi ya nemi mutumin yau, kada ya jira Juma'a, ya kuma kira shi da dare ya gaya masa yadda suka yi. Nasihar haƙuri da addu'a ba a jefar da su ba, suna nan a wurinsu. Abin da aka ƙara shi ne abin da tsoro ya sa aka tsallake.

Irin wannan kwaikwayo shi ma jagora da shi ake horar da shi. Ana sa shi ya jagoranci zaman bita a gaban mai horarwa, a tsayar da shi a ce: ka ga inda ka katse shi? Ka ga inda ka ba da amsa tun bai gama tunani ba? Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da wani tsari a 2022 mai suna EQUIP, wanda ke auna ƙwarewar mai taimako ta hanyar kallon abin da yake yi a zaman gwaji, ba ta hanyar jarrabawar takarda ba, kuma abin da ake fara dubawa shi ne ko yana yin wani abu mai cutarwa, kamar zargin wanda ya zo, ko yi masa dariya, ko fallasa shi. Wannan ma'auni ya yi mana daidai da hankali, domin kawar da ɓarna shi ake gabatarwa.

Akwai mas'alar da muka san za ta tsaya wa ɗalibai a rai, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mutum ya ba ka amanar sirrinsa, kai kuma ka ɗauka ka kai wa wani. Wannan ba cin amana ba ne? Ba giba ba ce?

Malamai sun riga sun share wannan hanya. Imamun Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa yake halatta saboda wata manufa ta shari'a da ba a kaiwa gare ta sai da hakan, daga ciki akwai neman fatawa, ya kuma kafa hujja da ƙarar da Hindu 'yar Utba ta kai game da mijinta Abu Sufyan. Amma ya nuna cewa abin da ya fi tsentseni shi ne a sakaya suna in buƙata za ta biya ba tare da shi ba. Wannan daidai yake da ƙa'idar masu wannan fanni a yau: a gaya wa mai neman shawara tun zaman farko cewa akwai wani babba da ake komawa gare shi don kyautata aikin, a cire suna, a cire duk abin da zai sa a gane shi, a faɗi gwargwadon buƙata kawai. Sai dai a gari kamar Malanville cire suna bai isa ba. In ka ce "wata bazawara mai sayar da kifi, mijinta direba ne da ya rasu bara," rabin mutanen da ke zaune sun gane ta. Saboda haka dole a koya wa jagora ya tsayar da mai magana da zarar ya fara zuba bayanan da ba su da amfani ga mas'alar, kuma in ya fahimci cewa wanda ake magana a kai surukinsa ne ko abokin gabarsa a kasuwa, ya ce a dakata, a kai wannan wajen wani jagoran. Littafin da yake rubutu a ciki ma kada ya ɗauki sunan kowa, kada kuma ya kwana a inda yara ke wasa. Haka saƙon murya a WhatsApp: abin da ka aika ya fita daga hannunka, wayoyinmu kuwa hannu da yawa ke taɓa su.

Wuri ɗaya ne sirri yake da iyaka, shi ne inda rai ke cikin haɗari, ko ake cutar da yaro, ko ake dukan mace dukan da zai iya halaka ta. Wannan ma tun farko ake faɗa wa mutum, don kada ya ga an yaudare shi.

Aiki na gaba da ake horar da jagora a kai shi ne sanin iyaka, tasa da ta waɗanda yake jagoranta. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya bambanta baƙin cikin da ke da sananne dalili, kamar rashi ko asara, wanda magana da nasiha ke yi wa magani, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar maganin likita. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ya fito da wannan ɓangare na littafin ga masu karatun zamani. Shekara sama da dubu ke nan da yin wannan bambanci, amma har yau muna cakuɗa su. Mu kanmu ba mu tsira ba. Shekarun baya an kawo mana wata mai jego da ta daina cin abinci, ta daina kula jaririnta, muka yi makonni muna yi mata nasiha muna ganin rashin godiya ne, sai wata ungozoma da ba ta kai 'yarmu ta fari shekaru ba ta ce mana wannan ciwo ne sananne da ke kama mata bayan haihuwa, a kai ta asibiti. Aka kai ta, ta samu sauƙi. Da muna da zaman bita a lokacin, da makonnin nan ba su salwanta ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Mu kuwa kunyar faɗin hakan sau ɗaya ta kusa jawo asarar rai biyu.

Inda ba mai dubawa, abin yana wuce kuskure ya zama zalunci. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka, a wata mai bi kuma aka samu irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu don a gyara musu tarbiyya ko a raba su da shaye-shaye. Ba mu ce duk mai irin wannan gida da mugun nufi ya fara ba. Abin da muke cewa shi ne mutum in ya yi shekaru ba wanda ke tambayarsa me ya yi kuma don me, abin da ya fara da ƙyama yakan zame masa al'ada. Kishiyar wannan ita ce gwajin da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu maganin gargajiya da na addini a kai a kai, suna duba masu taɓin hankalin da ke hannunsu tare, su kuma ƙwararru na bibiyar ma'aikatan. Marasa lafiyar da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida. A nan Benin ma ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, Kirista ne da ya fara da sana'ar facin taya, ta kwance mutane da yawa daga mari, tana kuma da cibiya a Jugu. Alheri in an gan shi a faɗe shi, ko a hannun wa yake.

Saura ɓangaren da aka fi sakaci da shi, wato shi mai taimakon kansa. Wanda ke sauraron labarin kisa da gudun hijira da yunwa kullum, abin yana taruwa a zuciyarsa. Alamunsa sanannu ne: saurin fushi a gida, rashin barci, jin haushin masu zuwa, ko kuma zuciya ta bushe har ya daina jin komai. A Malanville kuma mai sauraron yana cikin abin da ake ba shi labari. Shi ma ɗan'uwansa yana tsallaken kogi, shi ma kasuwar ta taɓa shi. Ana koya wa jagora ya gane waɗannan alamu, ya tambaya, ya rage wa mutum kaya in ya yi yawa. Amma ana kuma koya masa kada ya mai da zaman bita wurin jinyar ma'aikaci; in abin ya yi zurfi ya tura shi wajen wani. Saboda wannan ne muke ganin bai dace shugaban da ke biyan albashi ko yake da ikon kora ya zama shi ne jagoran bita ba, in dai akwai yadda za a raba. Ba wanda zai ce "na gaji, na kuma yi kuskure" a gaban mai riƙe da abincinsa.

Ta ina za a fara a nan? A ganinmu ba sai an jira wani babban shiri daga Kwatano ba. Akwai asibitin shiyya na Malanville da Karimama, akwai cibiyar jin daɗin jama'a da aka daɗe ana kira CPS, akwai ungozomomi da malaman jinya da suka yi shekaru suna wannan aiki a Guéné da Garou da Madécali. Daga cikinsu, da kuma limamai da malamai mata da aka san su da riƙon sirri, za a zaɓi kaɗan, da sharaɗin kowannensu ya taɓa zama da masu damuwa da kansa, ba a littafi kawai ya karanta ba. A nemi ƙwararru daga Paraku su horar da su, sannan, wannan shi ne muhimmi, su ci gaba da zaman bita da su ta waya ko da sau ɗaya a wata, domin jagora ma yana da nasa allon da za a duba. Kowane jagora ya riƙe mutum biyar ko shida, su zauna awa ɗaya da rabi duk mako biyu, a rana sananniya da ba ta faɗa ranar kasuwa ba.

Dole a samu mata a cikin jagororin, domin akwai abin da ungozoma ko malama ba za ta iya furtawa a gaban namiji ba, kuma mafi yawan masu zuwa neman shawara a ɓoye mata ne. Dole kuma limami ya yarda cewa a mas'alar farfaɗiya ko ciwon bayan haihuwa ko shan tiramol, malamar jinya ce malamarsa ko da ya haife ta, kamar yadda ita ma za ta koma gare shi in maganar idda ko kaffara ta taso a ɗakinta.

Sai batun harshe. Littattafan horon da Faransanci suke zuwa, masu damuwa kuwa da Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci suke kuka. Wanda ya ce "gabana na faɗuwa," da wanda ya ce "zuciyata ta yi baƙi," da wanda ya ce "kaina ya yi zafi," da wadda aka ce iska ta taɓa ta, ba lallai abu ɗaya suke nufi ba, kuma kalmar Faransanci guda ba za ta ɗauke su duka ba. Saboda haka a yi zaman bita da harshen da aka yi zaman asali, a maimaita kalmar da mutumin ya faɗa yadda ya faɗe ta, kafin a nemi sunanta a littafi. Ɗalibanmu da suka haɗa Larabci da Faransanci da harsunan gida suna da aiki a nan: su zauna da jagororin su tattara waɗannan kalmomi a rubuce, kowace da bayanin abin da masu faɗarta suke nufi da ita. Kuɗin da farawar ke buƙata shi ne na katin waya da na motar mai horarwa daga Paraku, kuma kwamitin masallacin Juma'a guda ɗaya zai iya ɗaukar na wata shidan farko.